Harshe Daga Hannu

Babana Eleuterio mai tallar kifi ne a Valparaíso.
Shekara talatin da takwas yana hawan tudun unguwarmu
da kwando a kafaɗa,
muryarsa tana riga shi isa ƙofar kowane gida.

Sai ga ɗan miki a gefen harshe,
bai kai ƙwayar wake ba.
Ya ce ƙayar kifi ce.
Ƙayar ta ƙi fita har sanyi ya tafi ya dawo.

Likita Iturriaga ta danne harshen da ɗan katako,
ta haska tocila, ta daɗe tana kallo.
Shirunta ne ya fara gaya mana.

Awa goma sha ɗaya a ɗakin tiyata.
Suka yanke rabin da ciwon daji ya cinye,
suka yanko fata a saman tsintsiyar hannunsa na hagu
har da jijiyarta,
suka ɗinke ta a bakinsa da zaren da ya fi gashi siranta.
A wannan hannun ne, yana ɗan shekara ashirin,
wani matuƙin jirgi ya rubuta masa sunan mahaifiyata
da allura da shuɗiyar tawada: Amparo.
Wuƙa ba ta san karatu ba.
Harafin farko ya tafi da fatar.

Mako uku yana cin abinci ta hanci,
siririyar roba, ruwa mai kalar koko.
Numfashi ta maƙogwaro, magana ta ɗan farin allo.
Abin da ya fara rubuta min:
wa ke ba kyanwa abinci?

Da aka zo gashi, sai aka ƙera masa roba daidai haƙoransa,
ya cije ta, injin yana kewaya kansa yana gurnani.
Yawu ya ƙafe.
Muka koma sayen yawu a kantin magani,
'yar kwalba mai feshi, tana zama a aljihun da taba ta bari.

Nélida, mai koya wa manya magana,
ta zo da madubi da cokali mai sanyi.
Tura gaba. Taɓa kumatu. Ƙirga biyar. Sake.
Mutumin da ya yi ciniki da rabin gari
yana gumi a kan harafi ɗaya.
Da harshen ya kasa kai wa ganɗa,
aka yi masa faifan roba mai maƙalewa a sama,
rufin baki ya sunkuyo ya tarye shi.
Nélida ta ce, in baƙo bai iya tsayuwa ba,
mai gida ne ke durƙusawa.

Sabon ɓangaren bai san gishiri ba.
Miya a dama, a hagu ruwan ɗumi kawai.
Wata safiya gashi biyu suka tsiro a kai,
ya yi dariya har ya ƙware,
na buga masa baya ina kuka ina dariya.

Yanzu ni ke ɗaukar kwandon, ni ke kira.
Matan tudu suna leƙowa ta taga,
su dube ni, su nemi shi.
Yana bayana, yana ɗaga musu hannu mai faci.

Mahaifiyata ta shekara huɗu a ƙasa.
Jiya da dare na ji shi a banɗaki, fitila a kunne,
ya buɗe baki gaban madubi
yana duba shuɗin harafin nan, ya ɗan karkace.
Ampa, ya ce. Wannan leɓe ke yi, ba wuya.
Ampa.
Sauran na harshe ne.
Na tsaya a bayan ƙofa da tawul a hannu,
ban ƙarasa masa ba.